Akushin Nonon Goɗiya

"Kowa ya kwanta! Wanda ya motsa, kibiya!"

Kuchuk ne ya daka tsawar daga kan doki, da rana tsaka, a wani zango bakin kogin Atil. Ba wanda ya kwanta. Tsohuwa ɗaya ce a wurin, tana kaɗa nono a salka. Mazan sun tafi farauta.

Su uku ne: Kuchuk, ƙaninsa Ildei, da Batan mai ido ɗaya. Ƙanƙarar bara ta kashe musu dabbobi kaf, 'ya'yan Kuchuk huɗu suna gida ba abin sha. Goɗiya mai nono yake nema, ko ɗaya ce.

Tsohuwa ta cika akushi da nonon goɗiya mai tsami, ta miƙo masa.

"Iya, fashi fa muka zo yi!"

"Na ji, ɗana. Sha tukuna."

A wajen mutanenmu ba a ƙin nono, ba a zubar da shi, ba a karɓarsa da hannu ɗaya. Kuchuk ya sauko. Ya ajiye baka.

"Yaya, kwankwaɗe mu wuce!" in ji Ildei.

Ya kwankwaɗe. Ta sake cikawa.

"Ɗan wa ne kai?"

Wannan ma ba a ƙin amsawa. Ya fara jero kakanni bakwai.

"Shugaban 'yan fashi ke nan!" in ji Batan. "Faɗa mata sunan akuyarku ma."

Can kan tudu, mafarauta ashirin suka hango baƙin dawakai a ƙofar uwarsu. Suka saki linzami!

Batan ya ji ƙasa na rawa. Ya yanke igiyar goɗiyoyin zangon, ya haɗa da dokin Kuchuk, sai gudu! Ildei ya bi shi yana zagi.

"Iya, karɓi!" in ji Kuchuk, yana miƙa mata akushin.

"Ka shanye mana."

Akushin fal yake. In ya ruga, zai zube. Kuchuk ya kama hanya saɗaf-saɗaf kamar mai ɗauke da jariri, idonsa a kan nono.

"Baƙona ne!" tsohuwa ta ƙwalla.

Kibiyar wani mafarauci ta riga muryarta. Kuchuk ya durƙusa, ya ajiye akushin a hankali, sannan ya faɗi matacce.

An kama Ildei a mashigi. Batan ba a sake jin labarinsa ba. Bayan kwana uku tsohuwar ta aiko wa matar Kuchuk da goɗiya ɗaya, ja, mai nono sosai. Kullum da safe matar tana tatsa, yara suna sha. Ita dai har yau ba ta iya kai shi bakinta ba.