Ƙasa a Kwanon Stoil

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Dakta Bistra ta rataya jakarta, ta saɓa katakon da take matse furanni da shi, ta ce za ta ɗan miƙe ƙafa. Baba Donka, yayar mahaifinta, tana bakin murhu tana shafa zuma a kan burodi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Miƙe ƙafa da shebur a jaka? To, Malama mai boko, miƙe ta ko'ina, ban da filin furen rosen. Yau jajiberen bikin Spas ne, kin sani sarai."

"Haba Baba, sai ka ce wata yarinya."

"Yarinya ai gara ita, tana jin magana."

Daga ƙuryar ɗaki ƙaninta Stoil ya yi tari. Makiyayin da a da yake saɓa rago a wuya ya hau dutse, yanzu cokali ma sai an riƙe masa. Likitocin birni sun sallamo shi, sun ce a je gida a yi ta addu'a. Abu ɗaya ya rage wa mutanen gidan: yau za a kai shi filin rosen ya kwana kusa da furen, a ajiye masa burodi da kwanon ruwa a saitin kansa. Aljanu masu farin kaya za su ratsa, su tsinki rabonsu. In gari ya waye aka ga fure a kwanon, mutum zai tashi. In ƙasa aka gani, sai haƙuri. Shi ya sa ba mai taɓa rosen kafin su wuce.

Bistra ta san duk wannan, kuma ta daɗe da mayar da shi abin ba ɗalibanta dariya. Stoil ne ya fara nuna mata filin tun tana ɗaliba: rosen fari fat mai jan jijiya, irin da ba a taɓa gani a wani dutse ba. Ta yi rubutu a kansa, ta zama Dakta, aka yi ta tafa mata a birnin Sofiya. Daga nan masana suka yi ta zuwa da shebur, kowa ya haƙa ya tafi, wasu ita da kanta ta rako su. Stoil bai taɓa ce mata komai ba, kuma shirun nan nasa ya fi zagi yi mata ciwo.

Da ta isa filin, gindi ɗaya tak ta tarar da fure.

Ta tsaya a kansa. Gobe da safe motarta za ta tashi, lambun jami'a kuwa yana jiran saiwa mai rai. Ta ce wa kanta ceto ta zo yi, in ba ta ɗauka ba wani zai ɗauka, kuma kwanon ruwa bai taɓa warkar da huhu ba. Duk gaskiya ne. Amma da zuciyarta ta yarda, ai da ba ta yi wa tsohuwa ƙarya ba.

Hannu ya riga ya saba. Ta datse karan furen, ta shimfiɗa shi tsakanin takardu tun bai yi yaushi ba, ta ɗora katako, ta danna gwiwa, ta ja maɗauri tamau. Sannan ta kafa shebur.

Saiwar ta tsinke da wani ɗan sauti, ƙas.

Daga nan komai ya yi tsit. Gyare ya daina kuka. Ƙararrawar tumakin da take jiyowa daga kwari ta ɗauke, kamar an kife duniya da kwano.

Ƙamshin rosen ya taso, irin na ɓawon lemun tsami, ya yi yawa har yana yanka maƙogwaro. Alhali furen yana matse a cikin katako.

Babu iska, amma ciyawar bakin kurmi ta kwanta. Sai wadda ke gaba da ita ta kwanta. Wani abu yana tahowa a jere, a hankali, ƙafa ba takalmi.

Ta ƙi ɗagowa. Gefen farin zane kawai ta gani, jiƙe da raɓa, ya tsaya a bakin ramin da ta haƙa. Wani ya tsaya ta hagu. Wani ta bayanta.

"Ina rabonmu?" in ji wata murya can ƙasa-ƙasa.

Bistra ta cusa saiwar cikin ramin, tana tura ƙasa da tafukanta. "Ga shi," ta ce. "Na mayar. Ku yi haƙuri, na mayar."

"Furen."

Ta jawo katakon. Maɗaurin ya ƙi kwancewa, ta sa haƙori. Ta buɗe. Furen ya baje, ya manne da takarda, ruwansa ya ɓata wurin. Ta yi ƙoƙarin ɗaga ganye ɗaya, ya yage.

Numfashi mai sanyi ya sauka a bayan wuyanta.

"Ana kawo mana ƙaninki yanzu," muryar ta ce. "Me za mu sa masa?"

"Ku ɗauke ni. Ni na yi."

Wata ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Da ta mugunta ce, da ta fi sauƙi.

"Ke ba ki ajiye kwano ba."

Wani siririn hannu fari ya miƙo ta kan kafaɗarta, ya shiga ramin, ya ɗebi ƙasa.

Bistra ta zabura. Ba ta san ta inda ta bi ba. Ƙaya tana fizgar rigarta, ana kiran sunanta daga kowane gefe, kuma da muryar Stoil ta ƙuruciya ake kiran. Ta faɗi, ta tashi, ta gangara kwari da baya, har ta faɗa cikin rafi. A nan sawun ya tsaya. Tana kwance cikin ruwa ta hango fitilu suna hawa ɗaya hanyar, da keken jaki, da Baba Donka a gaba riƙe da kwano. Ta buɗe baki za ta yi ihu su koma. Ba ta yi ba. Kunya ce ta riƙe ta, kuma wannan kunyar ba ta taɓa yafe wa kanta ita ba.

Da hantsi aka dawo da Stoil. Baba Donka ta dire kwanon a kan tebur. Jar ƙasa ce kwance a ƙasan ruwan, da ɗan guntun saiwa, yankan shebur a jikinsa.

Stoil ya sa aka kira Bistra. Ta shigo tana ɓoye hannuwa, don duk wanda ya girma a dutsen nan ya san irin bororon da man rosen ke tayar wa a fata. Ya kama hannun, ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Yaya," ya ce, "ni ramin kawai na tarar. Har yanzu fari ne kamar da?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To, madalla. Ki adana shi da kyau."

An binne shi kafin a girbe alkama. Bistra ba ta koma jami'a ba. Tana nan a gidan Baba Donka, kowace kaka tana watsa irin rosen a filin, kowace bazara ba abin da ke fitowa. Duk jajiberen Spas kuwa, ita da ta yi shekaru tana yi wa abin dariya, za ka gan ta da yamma tana hawa dutsen da burodi da kwano. Da safe ta sauko da ruwanta garau. Ba su taɓa sa mata fure ba, ƙasar da take roƙo ma sun hana ta.