Lambar Mai Rakiya

Ƙamshin katako na fara ji kafin in buɗe ido...

Fitilun ɗakin asibitin suna ta lilo a sama. Allurar barcin da aka yi min kafin a leƙa hanjina da na'ura ba ta sake ni ba. Ga Dogo kafinta, saurayina na da, zaune a gefen gadona, garin katako har a girarsa.

Na ce a raina, to, mafarki ne. Ai wata biyu ke nan da na kore shi.

Tunda mafarki ne, sai na saki baki. Na faɗa masa cewa ƙarya na yi, ban taɓa daina sonsa ba. Jini na gani, irin wanda Mama ta ɓoye har kansar hanji ta ɗauke ta. Kuma da kunnena na ji yayarsa tana cewa ba za su kwaso ciwon gado ba.

"Gara ka tsane ni da ka binne ni, Dogona..."

"Kin gama, 'yar rigima?"

Ya kama hannuna. Ɗumi, ga kantar aiki a tafinsa. Wayyo, wannan ba mafarki ba ne!

Ashe ni na jawo wa kaina. Wanda aka yi wa allurar barci ba a barinsa ya tafi gida shi kaɗai. A takardar asibiti, gurbin mai rakiya, na yi niyyar rubuta lambar wayar ƙanwata, hannuna ya rubuta wadda ya haddace. Nas na kiransa, ya yar da zarto ya taho.

Kunya kamar in nutse.

Likita ta nuna mana hoton wani ɗan tsiro, bai kai kan yatsa ba. Ta ce ta cire shi, gwaji zai faɗi sauran.

Kwana bakwai ina tsoro. Kullum yana zuwa. Yayarsa ta yi faɗa har ta gaji, ya ce mata tare za mu ji sakamakon.

"Kansa ce," in ji likita, "amma da wuri muka kama ta. Mun cire ta duka."

Na kifa kai a teburinta na yi ta kuka.

Ta ce za a riƙa duba ni lokaci-lokaci, kowane zuwa da mai rakiya. Ta miƙo takardar zuwa na gaba, Dogo ya riga ni karɓa. Ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa, ya rubuta lambarsa.

A gurbin dangantaka ya tsaya, ya kalle ni.

"Zuwa lokacin... in rubuta?"

Na gyaɗa kai.

Ya rubuta: miji.