Na'urar da Ba Ta Yi wa Malam Hodi Ƙarya Ba

Kebul kawai Riskuwa ta shigo saye shagon Kalilu a Gwadangaji, sai ta tarar da shi ya dafe kai gaban kwamfuta. Ya ƙera wata 'yar na'ura mai auna danshin ƙasar gona, ya jona ta da kwamfutar, amma allon sai zubo shirme yake yi.

"Malam, saurinsu na ba ɗaya ba," in ji ta. "Na'urarka na aiko saƙo a 9600, kwamfutar na saurare a 115200."

Ya gyara. Lambobi suka jeru tsaf. Kalilu kuwa bai ko dube su ba, ita yake kallo, har ya manta da kebul ɗin da ta zo saye.

Daga ranar suka raba aiki. Shi ke haɗa na'ura, ita ke rubuta manhajar da ke karɓar saƙonta, da yaren kwamfuta mai suna Rust. Ta sa kowane saƙo ya zo da lambar tantancewa a ƙarshe. In lambar ba ta dace ba, ko shiru ya yi yawa, manhajar ba za ta yi kame-kame ba.

"Injiniyata, na aiko saƙo, an karɓa?" ya rubuto mata wata safiya.

"An tantance, an karɓa. Ka je ka ga Baba," ta amsa.

Nan fa gizo ke saƙa. Malam Hodi, mahaifinta, manomin albasa ne a Gulma, kuma hankalinsa ya fi kwanciya da Abdussamadu a matsayin suruki, ɗan amininsa na Argungu, wanda ya kawo masa wata na'urar danshi mai tsada.

"Wanga yaro mai wasa da wayoyi, mi zai riƙe ki da shi?" ya tambaye ta.

"Baba, ka gwada aikinai tukuna."

"To, su taho gona ran Asabar, su duka biyu."

Riskuwa ta tsorata ƙwarai, don ta san Baba in ya yanke magana ba ya sakewa.

Da hantsi aka kafa na'urorin biyu cikin kunyar albasa. Duka suka nuna arba'in da biyu. Malam Hodi ya yi ta kallo, sannan ya yi abin da yake yi wa kowane sabon ɗan ƙwadago: ya gwada gaskiyarsa. Ya zagaya bayansu kamar mai duba ganye, ya zare wayar da ke shiga ƙasa daga kowace na'ura.

"To, yanzu mi sunka ce?"

"Arba'in da biyu, Baba, lahiya lau!" in ji Abdussamadu da fara'a.

Kalilu ya dubi allo. Ya dubi Riskuwa, sannan ya juya wajen tsohon.

"Baba, tawa ta ce saƙo bai iso daidai ba. Ban san danshin ba. Ka ba ni minti biyar in bincika."

Riskuwa ta rufe fuska da mayafi, ta ɗauka shi ke nan.

Sai tsohon ya fashe da dariya, ya ɗaga wayoyin biyu a hannunsa.

"Waccan ta ba ni lambar ɗazu, da na bi ta da albasata ta ƙone. Wagga ta ce ba ta sani ba, mai ita ma yac ce bai sani ba." Ya juya wajen Kalilu. "Ka turo magabatanka."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure a Gulma, aka yi ta addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ana tashi, wayar amarya ta yi ƙara.

"Risku tawa, an ba ni ke. Saƙo ya iso daidai?"

Ta share hawayen murna, ta rubuta: "Ya iso, angona. Wannan ba sai na tantance ba."