Faifan da Bai Yi Zafi Ba

Sufeto Yoila bai gama shan shayinsa ba Alhaji Nasidi ya shigo caji ofis, yana jan wani mai gyaran kwamfuta da ake kira Madu.

"Yallaɓai, wannan ya haɗa mini kwamfutar banza. Faifan ajiyar ya ƙone, aikin mutane duk ya tafi."

Sufeto ya san shagon Alhaji a Kasuwar Kwastam, inda ake mayar da tsofaffin kaset cikin kwamfuta. Shi ma ya kai nasa, mai ɗauke da muryar mahaifinsa yana waƙar noma a ƙauyensu da yanzu ba kowa. Kaset ɗin ya tsinke bayan an kwafe shi. Muryar ba ta ko'ina a duniya sai cikin faifan nan.

Ya ɗauki hularsa suka tafi.

A shagon, allo na nuna sunayen sassan kwamfutar da zafin kowanne. Gaban sunan faifai lamba ta yi ja wur.

"Ka gani? Tafasa yake yi," in ji Alhaji.

Sufeto ya sa aka buɗe murfin kwamfutar, ya ɗora yatsa a kan faifan. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

"Madu, abin da ya mutu yana faɗin zafin jikinsa?"

Madu ya matso ya ƙura wa allon ido.

"Ba zafin faifai ba ne wannan, Yallaɓai, na ƙwaƙwalwar kwamfutar ne. Ba ta san ma'aunan zafinta da suna ba. Duk sanda aka kunna ta, lamba take raba musu, wanda ya riga amsawa ya karɓi ta farko. Ni na liƙa sunaye a kan lambobin. Faifan bai amsa ba, sai ƙwaƙwalwa ta gaji lambarsa."

"Lambobin suna sauyawa tana cikin aiki?"

"Sai an kashe an kunna."

"Ba a kashe ta," Alhaji ya ce. "Kan sola take, ba ruwanta da ɗauke wuta."

"To an kashe ta, Alhaji. Wa ke da makulli?"

Alhaji ya waiwaya ya dubi Kezia, matar da ke juya masa kaset. Tana gefe tana goge teburin da ba datti a kansa.

"Baiwar Allah, kin taɓa kwamfutar nan jiya?" in ji Sufeto.

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Yadda na same ta haka na bar ta."

Sufeto ya sa Madu ya kwance faifan. Da aka juya shi, sai ga alamar alli a bayansa.

"Hannuna ne," in ji Madu. "Haka nake yi wa matattun faifai. Wannan tun bara ya mutu, yana kwalin ƙarƙashin teburinta."

Kezia ta ajiye tsumman. Ba ta yi gardama ba.

"Faifan na gaskiya yana gidana, a Maisandari."

Sufeto ya bi ta gidan. Ɗaki ɗaya ne, tsaf da shi. Ta ɗaga matashin kai ta ciro faifan, naɗe cikin ɗankwali.

"Me ya kai ki?"

"Wani mutum ya kawo kaset ɗin mawaƙan cocin garinmu. Ina sa shi sai na ji Pindar, mijina, shi ke ba da waƙa. Tun ranar da muka gudo ban sake jin muryarsa ba, ko hotonsa ban fito da shi ba. Na roƙi Alhaji in kwafa, ya ce kayan mutane amana ne, ya kulle hanyar kwafa a kwamfutar. Kuma da mai kaya ya karɓa yake gogewa. Yau mutumin zai zo."

Sufeto ya dubi ɗakin. Ba kwamfuta, ba ko rediyo.

"Da me kike sauraro?"

"Ba ni da abin sa shi. Na dai kwana da shi."

Tausayinta ya kama shi. Shi ma tun safe abin da ke ransa ke nan, ya ji tsohonsa ya ja baitin farko ko sau ɗaya. Amma faifan ya zama shaida, kuma shaida ba a kunna ta don marmari. Ya zura shi cikin ambulan, ya manne baki, ya sa hannu.

"Yaushe za a buɗe, ranka ya daɗe?"

"Sai alƙali ya gama da shi."

"Ba za su goge ba?"

"Ba mai gogewa. Mahaifina ma yana ciki."

Ta ɗago ta dube shi, sannan ta ɗauki mayafinta ta ja ƙofar da kanta. A bayan motar 'yan sanda suka zauna, ambulan ɗin a tsakaninsu. Har suka isa caji ofis kowannensu da hannu ɗaya a kansa.