Hannun Hagu Na Mahauci

Ranar da Hazel Ormerod ta fara ganin Trevor Holgate ido da ido, jini ne ke ɗiga daga kunnensa. Ba a fagen kokawa ya ji ciwon ba. Wata tsohuwa ce a layin gaba ta maka masa jakarta, da gwangwanin wake a ciki.

Hazel na sayar da shayi a bayan babban zauren garin Bolton duk Larabar da masu talabijin suka zo ɗaukar kokawa. Ta san shi sarai. Mahauci ake kiransa a fage, wa bai san shi ba a shekarar 1976? Duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma, rabin Ingila na gaban talabijin suna tsine masa.

"Don Allah ko zan samu shayi?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa. "Sukari cokali huɗu, in ba damuwa."

"Huɗu? Ashe dodon ma ɗan gata ne."

"Rufa min asiri. In aka ji, sana'ata ta mutu."

Ta yi dariya har shayin ya zuba a faranti. Ta ɗauko tsumma mai tsabta ta danne masa kunnen, katon nan ya runtse ido yana cewa a hankali. Kafin ya tafi ya bar mata rubutu a bayan takardar jerin wasanni:

"Sukarina, ranar Lahadi ba na cin mutane. Ko za ki zo mu zagaya lambun gari? Dodonki."

Ta je. Lahadin da ta biyo baya ma ta je, har lokacin sanyi ya wuce ba su sani ba.

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Wilf, tsohon ɗan kokawa ne. Shekara goma sha biyu ke nan da wani abokin karawa ya yi sakaci ya sake shi a kan wuya, tun daga ranar da sanduna biyu yake tafiya. Ya san kowa da rawar da ake ba shi, ya san tun a ɗakin sauya kaya ake yanke wanda zai ci. Muguntar Mahauci ba ta dame shi ba.

"Ban ce mugu ba ne," in ji shi. "Na ce ɗan kokawa ne mai ƙarfi da zafin jini. Irinsu ne ke manta cewa jikin mutum ne a hannunsu. Ba zan ba shi ke ba."

"Baba, ko sau ɗaya ba ka zauna da shi ba."

"Na zauna da irinsa. Ga sakamakon nan jingine da bango."

Mahaifiyarta, Doreen, ita kuwa ta riga ta yi wa 'yarta miji a zuciya: Clive Ashworth, ɗan kokawar da ake kira Yarima, mai farin gashi da murmushin da ke sa tsofaffin mata ihu. Sau uku yana zuwa gidan da furanni. Hazel ta sa furannin a ruwa, shi kuma ta raka shi bakin ƙofa.

Sai ga shi an haɗa Mahauci da Yarima a wani gari.

"Na ji har yanzu yana kawo miki furanni," in ji Trevor ranar Lahadi, fuska a ɗaure.

"Kishi kake yi?"

"Ina yi mana. Ni ba dutse ba ne."

Ranar Alhamis da safe labari ya cika kasuwa. Mahauci ya buga Yarima da ƙasa, ya shaƙe alƙalin wasa, an kore shi daga fage, an fita da Clive a gadon ɗaukar marasa lafiya. Labarin ya iso kunnen Hazel. Ita 'yar gida ce, ta san a wannan sana'a ba a jin irin wannan ciwo sai da sakaci ko da gangan. Ta rubuta tana kuka:

"Trevor, ashe Baba ya fi ni saninka. Saboda ni ka yi? Faɗa min gaskiya."

Amsar ta zo ranar Juma'a:

"Sukarina, ban cuce shi ba. Abin da ya faru ba nawa ba ne da zan faɗa. Ina sonki jiya, ina sonki yau. Dodonki."

Ta cusa takardar a aljihu. Wannan wace irin amsa ce?

Asabar ƙarfe huɗu, lokacin da za a nuna wasan, Doreen ta kunna talabijin, ta ce sai kowa ya ga abin da azzalumin ya yi. Hazel ta zauna a hannun kujera. A zagaye na uku Clive ya hau saman igiya ya yi tsalle. Cikin ƙiftawar ido su biyun suka zube, jama'a suka ɗau ihu, Mahauci ya miƙe ya cafki wuyan alƙali.

"Kun gani ko!" Doreen ta daka tsawa. "Allah wadai!"

Wilf kuwa ya ƙura wa talabijin ido. Ya matso bakin kujera, shayinsa na zuba a kan wando bai sani ba.

"Baba?"

"Kin ga hannunsa na hagu?"

"Wane hannu?"

"Ƙafar Clive ce ta zame a kan igiya. Da kai yake saukowa, Hazel, da kai! Shi Mahauci kaucewa ya kamata ya yi, haka ake tsara wasan. Bai kauce ba. Ya shiga ƙarƙashinsa, ya sa hannun hagu ya tare masa wuya, ya ɗauki nauyin a kafaɗarsa." Tsohon ya nuna talabijin da yatsa. "Da ya ga Clive bai san inda yake ba, sai ya shaƙe alƙali don a tsayar da wasa."

"To me ya hana shi faɗa?" Doreen ta tambaya a sanyaye.

"In ya faɗa, mai shirya wasa zai san Clive ya yi kuskure a gaban kyamara, ba zai sake sa shi a talabijin ba. Mu ba ma tona wa juna." Ya share ido da bayan hannu. "Ɗauko min kwat ɗina."

Hazel ba ta jira kwat ba. Ta riga kowa fita, a guje, da silifas na cikin gida.

Ta same shi a ɗakin da yake haya, hannun hagu rataye a majanyi, yana fama da buɗe gwangwanin miya da hannu ɗaya.

"Dodona," ta ce, hawaye na zuba, "ka yafe min."

"Me kika yi? Ni ma da na ga kaina a talabijin sai da na zagi kaina."

Ta yi dariya cikin kuka, ta rungume shi ta ɓangaren da ba ciwo.

An ɗaura auren a watan Yuni, a ƙaramin cocin unguwarsu. Clive ne ya tsaya a matsayin babban abokin ango, bayan ya je da ƙafarsa ya faɗa wa Doreen gaskiya. Ita kuwa ta toya kek hawa uku, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tun farko ta ga alheri a fuskar Trevor. Ba wanda ya yi mata musu.

Da suka iso gaban limamin cocin, Wilf ya miƙa wa matarsa sandar dama. Ya kama hannun 'yarsa, ya nemi hannun hagun Trevor, ya haɗa su.

"Ɗana," ya ce, yadda duk cocin zai ji, "na ga yadda ka riƙe mutumin da ke neman raba ka da ita. Ba na tsoron yadda za ka riƙe ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu tausayi."

Jama'a suka amsa da amin. Mahauci, wanda ƙasa guda ke tsoro, ya sunkuyar da kai yana kuka, amarya na share masa hawaye da gefen mayafinta.