Hannun da Ke Rufe Rafi

Auta tana kicin tana wanke kofuna, famfo na zuba shaaa, sai ta ji sallamar Baba. Da gudu ta fito, hannu duk kumfa. Tun da aka kawo ta kwatas ɗin kamfani bai taɓa tako ƙafarsa gidan ba.

Ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo ruwa mai sanyi. Baba ya dubi kofin ya kau da kai.

"Ɗauke, Auta. Na san ruwan nan. Da shi na yi lambun da na ciyar da ku."

Maganar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Wasu baƙi daga ƙasar waje sun karɓi fili iya ganin ido suna noman rake, suka datse rafin da ke bi ta bayan gari, suka sa masa ƙofar ƙarfe. Mai murɗa ƙofar nan kullum da safe, ruwa ya karkata gonarsu, mijinta ne. Mutanen gari ma sun daina kiran sunansa, sai dai Mai Makulli.

"Baba, aiki ne fa aka ba shi..."

"Aiki! To ki gaya masa ya bar ƙofar a buɗe ko na wuni guda ne, ba wanda zai sani. In ya ƙi, ki haɗa kayanki ki dawo gida."

Da yamma mijin ya dawo, ko yunifom bai cire ba, ta zayyana masa komai. Ya zauna ya dafe kai.

"Haba Auta! In buɗe a ɓoye? Ai na ci amana. Wallahi na roƙi Manaja har bakina ya gaji, ya ce izini gare su, ruwan nasu ne."

"To ni fa? Ni ma tasu ce?"

"Sori, ki yi haƙuri, ki ba ni lokaci."

Ta fashe da kuka. Tana son mutumin nan kamar ranta, amma daga ranar, duk ta murɗa famfo sai ta ji kamar ƙarar guga na bugun busasshiyar rijiya. Ruwan ya ƙi wuce mata maƙogwaro. Ƙarshe ta ɗauki jakarta ta bi umarnin Baba.

Yaya ne ya tare ta a ƙofa, shi da bakinsa ba ya shiru. "A'a, matar Mai Makulli! Kin taho mana da famfon a jaka?"

Ta wuce lambu. Abin da ta gani ya fi zagin ciwo. Bishiyoyin lemon da marigayiya Inna ta dasa da hannunta sun yi zuru-zuru, ganye na zuba. Baba kuwa yana duƙe yana share busasshen magudani, yana cewa a hankali, "Ku ƙara haƙuri, yana nan tafe." Kullum haka yake yi. Auta ta rasa da bishiyoyin yake magana ko da Inna.

Ana nan, wata safiya sai ga mijinta ya turo kura cike da jarkoki, ba yunifom, gumi sharkaf.

"Baba, na ajiye aikin."

Baba ya miƙe da sauri. "An buɗe ruwan?"

"A'a. Kafin in fita get ɗin kamfani sun ɗauki wani."

"To me ka zo yi?"

Ya shiga tsiyaya ruwa a gindin lemo. Daga wani burtsatse mai nisan gaske yake turowa, kuma bai fasa ba ko rana ɗaya. Yaya ya yi ba'a har ya gaji. Baba ko kallo bai ishe shi ba. Auta kuwa sai dai ta leƙa ta taga ta share hawaye, ba ta taɓa saɓa wa uban ba, ba ta kuma taɓa neman saki ba. Bishiyoyin suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda.

Ranar da ita ma gudan ta bushe, Baba ya iske surukinsa durƙushe a gindinta yana kuka kamar shi ya dasa ta. Tafin hannunsa duk ya fashe, jini na bin hannun jarka. Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi, ɗana. Ba kai ka kashe su ba. Na rasa wanda zan kama ne na kama ka." Ya juya ya ɗaga murya, "Auta! Ɗauko mayafinki ki bi mijinki."

Ta fito tana dariya tana kuka, har Yaya sai da ya sunkuyar da kai.

Rafin dai bai dawo ba. Har yau ana jin injin kamfani na gurnani daga nesa, Baba kuma bai daina share magudaninsa ba, sai dai yanzu su biyu suke sharewa. Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: in masu ƙarfi sun ƙwace muku abu, kada ku huce a kan naku. Haƙurin Auta da mijinta bai tsirar da lemo ko ɗaya ba, amma ya tsirar da aurensu.