Hatimi na Hamsin

"Ki duba da kyau, kada gobe ki ce sharri na yi masa."

Ramota ce ta faɗa, tana tura wayarta har kusa da hancin Ujunwa, a tsakiyar shagon takalman mahaifin Ujunwa da ke kasuwar Sabon Gari.

Ujunwa ta duba. Kamaldeen ne. Ko cikin mutum dubu za ta gane wannan ƙeyar. Yana tsaye a kan wani tsauni can ƙasar Jamus, ya juya baya, ga wata mace cikin jar riga da hular sanyi ta saƙale hannunta cikin nasa, ta jingina da kafaɗarsa.



"Wace ce?"

"Oho. Ni dai tausayinki nake ji, kina nan kina kaɗe ƙurar takalma, shi yana can yana hawan dutse da Baturiya."

Tausayi wai. Ramota 'yar ƙanwar mahaifiyar Kamaldeen ce, kuma kaf Fagge babu wanda bai san ta daɗe da ɗora ido a kansa ba. Ujunwa ma ta sani sarai. Amma kishi ya riga hankali shiga zuciyarta, Ramota na fita ta zube kan kwalayen takalma.

Shekara uku Ujunwa da Kamaldeen suna soyayya, kuma shekara ukun nan babu gidan da ya yi musu murmushi. Mahaifinta, Baba Nwabueze, ya ce 'yarsa a coci aka raɗa mata suna, a coci za a ɗaura mata aure. Mahaifiyarsa kuwa, Alhaja Mulikat mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ta ce ita ba za ta haɗa jini da gidan da ba a kallon gabas ba. Ana cikin wannan ja-in-ja Kamaldeen ya samu aikin kula da tsofaffi a wani ƙauye na yankin Harz a Jamus, ya tafi.

Can ya koyi wata ɗabi'a ta mutanen wurin. Ranar hutu sai su ɗauki sanda da jaka su nausa daji, ba farauta ba, ba itace ba, tafiya kawai. A bakin ƙorama, a gindin kogo, a kan tsauni, an kafa ƙananan akwatuna, kowanne da hatimi a ciki. Wanda ya isa wurin da ƙafarsa sai ya buga hatimin a ɗan littafinsa, shaidar ya zo.

Kamaldeen ya sayi littafin, ya yi mata alkawari.

"Ran da na buga na hamsin, Uju na, zan ɗauki hutu in dawo. Zan durƙusa gaban Baba da Alhaja, ba zan tashi ba sai sun ce to."

Tun daga nan kowane wuri ya je sai ya turo mata saƙon murya. A cikin adaidaita sahu, a cunkoson Titin Ibrahim Taiwo, take manna wayar a kunne tana jin hakinsa. Ya ba ta labarin itatuwa dogaye da suka rufe sama har rana ba ta taɓa ƙasa. Ya sa mata ƙarar ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Wata rana ya ce hazo ya sauko har ba ya ganin tafin hannunsa, sai fentin da aka shafa a jikin bishiyoyi ne ya fitar da shi. Ta san wuraren nan kamar ita ta taka su.

Arba'in da tara ya buga. Saura ɗaya.

Fitar Ramota ke da wuya Ujunwa ta kira shi, hawaye na zuba.

"Wace ce mai jar riga?"

Sai ya yi dariya. Allah sarki, da ya san abin da dariyar nan za ta jawo da ya haɗiye ta.

"Haba masoyiya, wannan ai..."

"Ba na son ji. Ina takalmin da na aiko maka?"

Wata biyu ke nan da ta aika masa takalmin fata baƙi, sau ciki, wanda ta zaɓa da hannunta daga cikin sababbin kayan da aka kawo daga garin Aba. Ko a hoto ɗaya ba ta taɓa ganinsa a ƙafarsa ba. Kullum wasu ƙattin takalma ne masu igiya har idon sawu.

"Yana nan na adana, Uju."

"Waɗannan na sojan fa, wa ya ba ka?"



"Ita ce ta ba ni, amma ki tsaya ki ji..."

"Shi ke nan. Nata ya yi maka, nawa na Sabon Gari ne, ka raina."

"Ba haka ba ne wallahi. Naki na fita kunya ne, ƙasansa sumul yake kamar faranti. Kwana uku ana ruwa a nan, dutse santsi yake yi."

"Ni da silifa na hau Dala, ban mutu ba."

Iyakar dutsen da ta sani ke nan, Dala, mai matakalar siminti, wanda yara ke hawa da gudu ranar sallah. Da shi take auna duk wani dutse na duniya.

"Gobe za ka buga na hamsin ko? Ina ne?"

"Wani dogon layin duwatsu ne, Katangar Shaiɗan suke ce masa."

"To ka hau da takalmina, ka turo min hoto. In ba haka ba, Kamal, kada ka sake kiran lambata."

"Uju na..."

Ta kashe wayar.

Washegari Asabar, da hantsi, hoton ya shigo. Ƙafafunsa biyu ne cikin baƙin takalminta, a kan dutse jiƙe sharkaf, ƙasa can nesa gonaki da jajayen rufin gidaje. Ta ga saƙon. Ta ji daɗi har cikin ranta, amma ta ce bari ta ja masa aji zuwa la'asar.

Da la'asar ta kira, wayar a kashe.

Lahadi ma a kashe.

Litinin da rana maƙwabcin shagonsu ya leƙo yana tambaya ko ta ji abin da ya samu gidan Alhaja Mulikat. Ɗanta na Turai ya zame a kan dutse wajen saukowa, kafin masu ceto su iso rai ya yi halinsa.

Ujunwa ba ta yi ihu ba. Takalmin da ke hannunta ta ci gaba da gogewa, tana gogewa, har sai da mahaifinta ya zo ya zare shi daga hannunta.

Can aka yi masa sutura, Musulmin garin da ke kusa suka sallace shi. Ujunwa ba ta je gaisuwa ba. Da wane ido? Abinci ya daina shiga, shago ya gagare ta, don ko warin sabuwar fata ta ji sai amai. Baba Nwabueze da ya rantse ba zai ba da ita ba, shi ne yake zama bakin ƙofarta yana lallashinta.

Bayan sadakar arba'in Alhaja Mulikat ta aiko a kira ta.

Ta shiga gidan na Fagge, ta durƙusa tun daga bakin ƙofar ɗaki. Alhaja na zaune kan darduma, ta rame, ga wani kwali a gabanta.

"Matso, 'yata."

Ba ta taɓa kiranta haka ba.

"Kayansa ne suka iso. Wata tsohuwa da yake kula da ita ce ta haɗo su, shekararta tamanin da ɗaya. Ita ce mai jar rigar. Ba ta iya hawa sai an riƙe ta, shi ne yake kai ta wurin da suke zuwa da mijinta kafin ya rasu. Takalmin mijin ne ta ba shi. Ni ya turo wa hoton nan da bayaninsa, Ramota ta ɗauka a wayata ta kai miki babu bayanin. Ta faɗa min da bakinta, na kuma sallame ta daga gidan nan."

Ujunwa ta kifa kai a ƙasa.

"Mama, ni ce. Ni na ce ya sa takalmin. Ya ce min da santsi, na ƙi ji. Ni na kashe miki ɗa."

"Ke ba ki isa ki kashe kowa ba, kwanansa ne ya ƙare." Alhaja ta ɗago ta. "In laifi ake nema, wa ya kore shi daga Kano? Da na ce to tun farko, me zai kai ɗana kan dutsen Turawa? Ranar Juma'a, ana gobe zai hau dutsen, ya kira ni yana roƙo, na ce masa ya dawo, na yarda. Ya ce kada in faɗa miki, shi zai faɗa miki da kansa in ya sauko."

Ta buɗe kwalin ta ciro ɗan littafi, bangonsa ya kumbura da ruwa, ta ɗora a tafin Ujunwa.

"Wannan naki ne."

Ujunwa ta buɗe littafin. Ga hatiman nan a jere, ƙorama, kogo, tsauni, duk wuraren da ta ji a kunne. A ƙasan kowanne ya rubuta sunanta da biro.

Ta kai shafin ƙarshe. Hatimi na hamsin na nan, ya buga shi raɗau, tawadar ta ɗan naso. A ƙasansa akwai rubutun hannunsa.

"Uju na, takalminki ya kawo ni. Alhaja ta yarda. Bari in sauko in kira ki."